ALAMOMIN GIGIN TSUFA A CIKIN JINI: KO MA'AUNIN WATA AL'UMMA ZAI AUNA DATTAWAN ƘASAR HAƊEJIYA?

1.0 GABATARWA

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa akwai wani hali da kan sami wasu tsofaffi, inda mutum zai riƙa manta abin da ya faru ɗazu, ya maimaita tambaya ɗaya sau biyar, ya fita masallacin ƙofar gidansa ya kasa gane hanyar komowa, daga bisani ma har ya kasa shaida 'ya'yan cikinsa. Wannan hali shi ake kira gigin tsufa, wasu su ce ruɗewar tsufa, ma'aikatan asibiti na yanzu kuwa sukan ce cutar mantuwa. Sunan da kansa ya nuna yadda muka ɗauki al'amarin, watau wani abu ne da tsufa kan zo da shi kamar furfura ko zubar haƙora. Likitoci kuwa sun tabbatar da cewa cuta ce ta ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawan tsofaffi har su koma ga Mahaliccinsu ba ta same su ba.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana wata sabuwar hanya da masana suka gano ta binciken wannan cuta, watau awon wasu alamomi a cikin jini. Za a yi bayanin alamomin, sa'an nan a nuna yadda sakamakonsu kan bambanta daga wata al'umma zuwa wata. Daga nan sai a dubi ƙasar Haɗejiya da garuruwan da ke bakin koginta, domin a ga abin da ya kamata a lura da shi kafin a ɗora wa dattawan wannan yanki ma'aunin da aka yanka a wata ƙasa.

2.0 MENE NE GIGIN TSUFA?

Gigin tsufa suna ne da ya tattaro cututtuka da dama, waɗanda duk suke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Babbar cikinsu ita ce cutar Alzaima, wadda aka raɗa wa sunan wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, wanda ya fara bayyana ta a shekarar 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da gigin tsufa a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 nasu kuwa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. Cutar Alzaima ita kaɗai ke da kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na wannan adadi. Mai bi mata ita ce wadda toshewa ko fashewar hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa ke haddasawa, wadda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki.

Abubuwa biyu Alzheimer ya gani a ƙwaƙwalwar majinyaciyarsa bayan ta rasu. Na farko wasu dunƙule-dunƙule ne da suka taru a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, waɗanda a shekarar 1984 aka gano cewa wani furotin ne mai suna amiloyid. Na biyu wasu zarurruka ne da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin kansu, waɗanda a shekarar 1986 aka tabbatar cewa wani furotin ne mai suna tawu. Amiloyid yakan fara taruwa shekara 15 zuwa 20 kafin iyalin mutum su lura da wata mantuwa.

3.0 ALAMOMIN DA AKE NEMA A CIKIN JINI

A da, ba a tabbatar da cutar Alzaima sai bayan mutuwa. Daga baya aka sami hanyoyi biyu na tabbatar da ita da rai: ko dai a soka allura a gadon baya a ɗebo ruwan laka a auna, ko kuwa a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'urar da ake kira PET, wadda aka fara ganin amiloyid da ita a shekarar 2004. Ta farko mutane na tsoronta, ta biyu kuwa tsadarta ta fi ƙarfin talaka ko a ƙasashen Turai. Wannan ya sa masana suka juya ga jini, domin ɗibarsa abu ne da kowace ƙaramar asibiti ta saba da shi.

Wahalar ita ce, abin da ke tsiyayowa daga ƙwaƙwalwa zuwa jini ɗan kaɗan ne ƙwarai. Idan aka raba giram ɗaya gida miliyan, aka ɗauki kashi ɗaya aka sake raba shi gida miliyan, to da irin wannan ɗigo ake lissafin waɗannan alamomi. Sai a 'yan shekarun nan aka ƙera na'urorin da ke iya ganinsu. Manyan alamomin guda huɗu ne:

(a) Amiloyid. Iri biyu ake aunawa, mai lamba 42 da mai lamba 40, a gwama su. Idan mai lamba 42 ya fara maƙalewa a ƙwaƙwalwa sai ya ragu a jini. Sai dai ragin ɗan kaɗan ne, saboda haka ƙaramin kuskure wajen ajiyar jinin kan ɓata sakamakon.

(b) Tawu. Ana auna wanda cutar ta riga ta sauya masa kama, musamman mai lamba 181 da mai lamba 217. Wani masani ɗan ƙasar Gana, Thomas Karikari, yana cikin waɗanda suka fito da awon mai lamba 181 a Jami'ar Gothenburg ta ƙasar Suwidin a shekarar 2020. Mai lamba 217 shi ne ya fi kowane nuna cutar Alzaima.

(c) NfL. Wannan ɓurɓushin zaren jijiya ne, yakan ƙaru duk lokacin da jijiyoyi suka lalace, ko da mene ne ya lalata su. Hayaƙi ne mai nuna akwai wuta, amma ba ya faɗin wanda ya kunna ta.

(d) GFAP. Wannan yana fitowa ne daga ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa, yakan kuma ƙaru idan sun harzuƙa.

A shekarar 2024 masanan Jami'ar Lund ta Suwidin suka gwada awon jini a kan majinyata 1,213 masu kukan mantuwa. Awon ya dace da gaskiya a wajen kashi 90 cikin 100, alhali ƙwararrun likitocin wannan cuta kashi 73 suka dace, likitocin ƙananan asibitoci kuwa kashi 61. A watan Mayu na 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da awon jini na farko, domin manyan da alamun cutar suka riga suka bayyana gare su.

Akwai abu ɗaya da ya kamata mai karatu ya riƙe. Na'ura lamba kawai take bayarwa. Mutane ne ke shata iyaka su ce daga nan zuwa sama akwai cuta, daga nan zuwa ƙasa babu. Ita kuwa iyakar ana shata ta ne bayan an auna wasu mutane na wata ƙasa, masu irin nasu jiki da abinci da cututtuka. Mafi yawan waɗanda aka auna aka shata iyakokin da ake da su Turawa ne na Suwidin da Amurka, masu ilmin boko da sukunin zuwa asibiti. Duk wanda ya taɓa awon hatsi ya san kowace kasuwa da mudunta.

4.0 BAMBANCI TSAKANIN AL'UMMU

4.1 Darasin Ibadan da Indiyanafolis

Ɗaya daga cikin muhimman binciken da suka buɗe wa duniya ido a kan wannan batu a Nijeriya aka yi shi. A shekarar 1992 Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan da Farfesa Hugh Hendrie na Jami'ar Indiyana suka fara kwatanta tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama a garuruwa biyu: Yarabawa 2,494 a unguwar Idikan ta Ibadan, da baƙaƙen fatar Amurka 2,212 a birnin Indiyanafolis. Hikimar zaɓen ita ce, kakannin baƙaƙen Amurka da yawa daga Afirka ta Yamma aka kwashe su zamanin cinikin bayi, saboda haka akwai kusancin jini, amma zaman rayuwa ya sha bamban. Bayan rasuwar Osuntokun a 1995, Farfesa Adesola Ogunniyi da abokan aikinsa suka ci gaba da aikin.

Sakamakon da aka buga a 1995 ya nuna kashi 2.29 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ke da gigin tsufa, na Indiyanafolis kuwa kashi 8.24, idan aka haɗa da waɗanda ke gidajen renon tsofaffi. A 2001 aka sake nuna cewa sababbin kamuwa a kowace shekara kashi 1.35 ne a Ibadan, kashi 3.24 a Indiyanafolis. Wani bincike da likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka buga a 2011, a kan tsofaffi 322 a Zariya, ya sami kashi 2.79, watau kusa da na Ibadan.

Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne batun wata ƙwayar gado mai suna APOE, wadda ita ma daga jini ake gano ta. Tana da nau'i uku, kowane mutum kuma yakan gaji ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A 1993 masanan Jami'ar Duke ta Amurka suka gano cewa nau'i na 4 yana ƙara haɗarin cutar Alzaima. Wani nazari na 1997 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna cewa wanda ya gaji nau'i na 4 ta wajen uwa da uba duka, haɗarinsa ya ninka wajen sau 15 idan Bature ne, sau 33 idan Bajapane ne, amma wajen sau 6 idan baƙar fatar Amurka ne. A Ibadan kuwa, inda nau'i na 4 ya fi yawa a jikin mutane bisa ga Turai, binciken 1995 da na 2006 ba su ga wata alaƙa tsakaninsa da cutar ba. Sai a 2014, bayan an daɗe ana bin mutanen, aka ga alaƙa mai rauni. Ashe alama ɗaya tana iya yin tsawa a wata al'umma, ta yi raɗa a wata.

4.2 Darasin Amurka

Da sababbin awon jini suka fito, sai aka sake cin karo da irin wannan. A 2022 masanan Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis suka gwama baƙaƙe 76 da Turawa 76 waɗanda shekarunsu da jinsinsu da ƙarfin tunaninsu suka yi daidai. Awon amiloyid ya yi aiki iri ɗaya ga kowa. Amma da tawu mai lamba 181 da NfL, sai aka ga baƙar fata da Bature za su iya samun lamba ɗaya, alhali baƙin ya fi nisa da cutar. Ma'ana, idan aka bi iyaka ɗaya, baƙaƙe za a fi yi wa kuskuren cewa suna da ita. Shi kuwa tawu mai lamba 217, wani bincike na 2021 a birnin New York ya nuna yana aiki a tsakanin Turawa da baƙaƙe da masu asalin Latin Amurka.

Masana da yawa suna ganin launin fata ba shi ne tushen wannan bambanci ba. A 2022 wani bincike na Asibitin Mayo a kan mutum 1,329 ya gano cewa mai ciwon ƙoda tawunsa na jini yakan hau, har tazarar da ke tsakaninsa da mai lafiyayyar ƙoda ta yi kusan daidai da tazarar da ke tsakanin mai amiloyid a ƙwaƙwalwa da marar shi. An kuma lura cewa mai ƙiba lambarsa takan sauka, domin jininsa ya fi yawa, alamar ta tsarma a ciki. Ciwon ƙoda da hawan jini da ciwon sukari da ƙiba kuwa ba su rabu daidai tsakanin al'ummu ba, domin suna bin abinci da sana'a da talauci da nisan asibiti.

5.0 IDAN AKA KAWO AWON ƘASAR HAƊEJIYA

5.1 Al'ummun yankin

Masarautar Haɗejiya ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas na Jihar Jigawa: Haɗejiya, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori. A cikinsu akwai Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa da Gizimawa, ga kuma Auyokawa waɗanda harshensu ya ɓace suka koma Hausa. Ɗaruruwan shekaru ke nan ana auratayya a tsakaninsu. Saboda haka wanda ya ce shi Bahaushe ne a Auyo, harshensa ya faɗa, bai faɗi ƙwayoyin gadonsa ba. Har wa yau, masana ilmin gado sun tabbatar cewa bambancin ƙwayoyin gado a tsakanin mutanen Afirka ya fi na kowace nahiya yawa. Abin da aka samu ga Yarabawan Idikan ishara ce mai amfani, amma ba za a ɗauke shi ɗungurungum a ɗora wa Bamange na Birniwa ko Bafulatanin da ke kiwo a fadamar Baturiya ba.

5.2 Matsalar ƙoda

Nan ne batun ya fi shafar wannan yanki. An daɗe ana kokawa da yawan ciwon ƙoda a garuruwan da ke bin wannan kogi, tun daga Haɗejiya har Nguru da Gashuwa ta Jihar Yobe. Cibiyar binciken lafiya ta BioRTC, wadda masanin ƙwaƙwalwa Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu a 2021, tana cikin masu bin diddigin musabbabinsa.

Manomin fadama zai fi kowa saurin fahimtar alaƙar ƙoda da awon jini. Ruwa kan cika fadama ta hanya biyu: ko dai an sako shi da yawa daga madatsun Tiga da Challawa, ko kuwa ciyawar kacalla ta toshe magudanar da zai wuce. Wanda ya dubi tsayin ruwan kaɗai ba zai san wanne ne ya faru ba. To haka tawu da NfL suke a jini: ƙwaƙwalwa ke sako su, ƙoda na cikin masu fitar da su. Idan ƙoda ta raunana sai su taru, ko da ƙwaƙwalwa lafiya lau take. Ciwon ƙoda kuwa yakan daɗe a jiki bai nuna kansa ba. Dattijon da ya zo da 'yar mantuwa, ƙodarsa ta fara gazawa bai sani ba, ana iya sallamarsa da sunan cutar da ba ta warkewa, a bar wadda za a iya tarewa. Maganin wannan shi ne a riƙa auna ƙoda tare da kowane awo, a kuma yi amfani da dabarar da masanan Lund suka nuna a 2023, ta gwama tawun da ya sauya kama da wanda bai sauya ba, domin toshewar ƙoda duka biyun take ɗagawa.

5.3 Jiki da zafi da shekaru

Yawancin dattawan karkara, manoma da masunta da makiyaya, ba masu ƙiba ba ne, iyakokin kuwa an shata su ne a ƙasashen da ƙiba ta yawaita. Ga kuma zafi. Jinin da aka ɗiba dole a tace shi cikin 'yan sa'o'i, a adana a na'urar sanyi mai kai digiri 80 ƙasa da sifiri, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin Haɗejiya kan haura digiri 40, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Amiloyid shi ya fi saurin lalacewa a irin wannan hali. Ana gwada wata dabara ta ɗiga jinin yatsa a kan takarda a busar, wadda za ta fi dacewa da karkara irin tamu.

Sai batun shekaru. NfL da GFAP suna ƙaruwa da tsufa ko babu cuta, saboda haka ba a fassara su sai an san shekarun mutum. Tsofaffinmu da yawa ba su da takardar haihuwa. Masu binciken Ibadan da abubuwan tarihi suka riƙa ƙiyasta shekaru. A ƙasar Haɗejiya ma sai an tsara irin wannan jeri, kamar samun mulkin kai a 1960, da canjin kuɗi da babban fari na 1973, da naɗin Sarki Abubakar Maje a 1984.

5.4 Matsayin harshe

Awon jini ba ya tsayawa shi kaɗai. Tsofaffi da yawa suna da amiloyid a ƙwaƙwalwa amma hankalinsu garau, saboda haka sai likita ya fara tabbatar da cewa tunanin mutum ya ragu, ta hanyar yi masa tambayoyi, shi da wanda ke zaune da shi. Tambayoyin da aka fi sani, waɗanda aka tsara a Amurka a 1975, sun haɗa da faɗin kwanan watan Turawa, da ɗebe bakwai-bakwai daga 100, da zana siffa da fensir. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba za ta faɗi wannan jarrabawa ko da ta fi mai tambayar kaifin tunani. Manomi da damina da kaka da rani da bazara yake lissafi, da watan Azumi da na Layya. Haka kuma idan aka ce wa dattijuwa ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari ta yi shiru, alkunya ce, amma baƙon da bai san al'ada ba mantuwa zai rubuta. Masanan Ibadan sun magance wani sashe na wannan da gwajin tsinken ashana, inda ake jera tsinke huɗu a wata siffa a ce mutum ya kwaikwaya.

A nan ne aikin ya iso ƙofar masu nazarin Hausa. Idan tambayoyin da ake tantance mai cuta da su sun karkace, duk iyakar da aka shata a kansu ta karkace. Ana bukatar waɗanda suka san karin harshen Haɗejiyanci da al'adun yankin su zauna da likitoci a tsara tambayoyi, a yi haka kuma da Fulatanci da Manganci da Badanci. Ana bukatar a daidaita kalmomi, domin a bambance mantuwar yau da kullum da gigin tsufa, a bambance shi da hauka. Rashin sunan da ya dace shi ke sa wasu iyalai su danganta abin ga sammu ko iskoki, har a wasu wurare a jefi tsohuwa da maita saboda an tsince ta tana yawo da dare tana sambatu.

6.0 KAMMALAWA

An ga yadda awon jini ya sauƙaƙa gano cutar Alzaima, an kuma ga cewa lambar da yake bayarwa tana sauyawa da ƙwayoyin gado da lafiyar ƙoda da ƙiba da shekaru da yadda aka adana jinin. Dukkan waɗannan suna da nasu yanayi a ƙasar Haɗejiya. Abin da ya dace shi ne a auna dattawan yankin da kansu, masu lafiya da marasa lafiya, daga kowace al'umma, a bi su shekara da shekaru kamar yadda aka yi a Ibadan, sa'an nan a shata iyakar da ta dace da su. Ƙungiyar masanan Afirka kan wannan cuta, wadda Farfesa Rufus Akinyemi na Jami'ar Ibadan ke cikin jagororinta, ta fara tattara irin wannan bayani a ƙasashe da dama, ya kamata kuma a ji muryar wannan kwari a ciki.

Kafin nan akwai abin yi. Ƙarancin sinadarin B12, da ciwon maƙoƙo, da ciwon damuwa, da kurumta duk suna iya kama da gigin tsufa, kuma ana maganinsu. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2024 cewa wajen kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa yana da nasaba da abubuwa 14 da za a iya gyarawa, ciki har da hawan jini da ciwon sukari da shan taba da rashin ilmi tun ƙuruciya. Awon hawan jini da na ƙoda suna nan a asibitocinmu tun yanzu. Yaran da ke kama kifi a Kogin Haɗejiya yau su ne dattawan gobe, Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.